Daƙiƙi Ko Mai Larura? Tarihin Iyayen da Suka Ƙi Yarda



Akwai kalmomin da muke yanke wa yaro hukunci da su tun bai kai shekara 10 ba: daƙiƙi, dolo, gaɓo, sakarai. A Nasarawa ta Birnin Kebbi ko a Argungu, malami kan taƙaita zancen ya ce, "Yaron ga bai da kai." Ranar da wannan magana ta fito daga bakin malami, uba ya ji, uwa ta ji, galibi zancen karatun yaron ya ƙare ke nan. Abin da za mu bi a yau shi ne tarihin iyayen da suka ji irin wannan magana suka ce ba su yarda ba, da abin da ƙin yardarsu ya haifar, da kuma dalilin da ya sa a ƙwarin Rima har yau kowace uwa ita kaɗai take nata yaƙin.

Sai mu fara raba yara iri biyu da mukan haɗa a ƙwarya ɗaya. Akwai yaron da fahimtarsa gaba ɗaya take tafiya a hankali: ya yi jinkirin magana, ya yi jinkirin gane kuɗi, yana buƙatar taimako a harkokin yau da kullum. Akwai kuma wanda wayonsa ya kai na kowa. Ba a cutarsa a canji, ya san sunan kowane kifi da ake kamawa a Matan Fada, yana iya maimaita labarin da ya ji sau ɗaya, amma haruffa sun ƙi zama a kansa, ko lissafin allo ya gagare shi. Mafi shahara a wannan rukuni na biyu ita ce larurar da likitoci ke kira disleksiya. Ko a Turai ba a daidaita ba: sunan da Ingila ke kiran rukuni na farko da shi, da shi Amurka ke kiran na biyu. Za mu taɓa su duka, domin tarihin iyayensu a sarƙe yake.

Ƙasar Hausa ba ta jira Turawa ba kafin ta yi wa nakasa tsari. A manyan garuruwanmu akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, akwai Sarkin Kutare. Fada ta san da su, suna sasanta jama'arsu, suna kai kukansu inda ya dace. Gaskiya ne tsarin ya ɗaure nakasa da bara, kuma wannan illa ce da muke fama da ita har yanzu. Duk da haka makaho yana da suna, yana da 'yan'uwa irinsa, yana da mai magana da yawunsa. Yaron da larurarsa ke cikin ƙwaƙwalwa bai taɓa samun sarki ba. Idan abin ya yi tsanani, musamman in ya haɗa da rashin tafiya ko dalalar da miyau, sai a fara raɗe-raɗin cewa ɗan ruwa ne, a ajiye shi a ƙuryar ɗaki. Idan bai yi tsanani ba, sai ya zama abin tsokanar unguwa.

Amma akwai wurin da wannan yaro ya samu sarari ba tare da an shirya masa ba, wato makarantar allo. Mu dubi yadda take aiki. Kowane almajiri da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Ba a wanke allo sai an iya. Wani ya ƙetare babbaƙu ya shiga farfaru cikin 'yan watanni, wani ya shekara a kai, kuma babu ranar da za a tara su a ce wannan ya zo na ɗaya, wancan ya zo na ƙarshe. Haruffan ma an yi musu sunaye masu nuna siffa: ba guje, ha kuri, lam jaye, am baki wofi. Yaro yana nuna harafi da yatsa ko tsinke, yana faɗa da ƙarfi, yana ji daga bakin na kusa da shi, daga baya ya ɗauki alƙalami ya bi. Ido, kunne, baki da hannu duk suna aiki tare. A shekarun 1930 likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham suka tsara hanyar koyar da masu disleksiya a Amurka, kuma ginshiƙinta shi ne a haɗa gani da ji da motsin hannu, a tafi daki-daki, kada a wuce mataki sai ya zauna. Malaman zaure a Gwandu da Argungu sun daɗe suna yin mai kama da haka. Akwai kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, wanda ya nuna cewa mai karatun Alƙur'ani yana in'ina, yana shan wuya a kansa, lada biyu gare shi. Wato addinin ma ya san da mai nauyin karatu, ya kuma ɗaga darajarsa.

Kada mu ƙawata abin fiye da kima. Dorina tana nan a makarantar allo, kuma yaron da bai riƙe karatu ba shi ya fi shan ta. Abin da muke nunawa kawai shi ne ba a korarsa saboda shekara ta ƙare. Iyayen wancan zamani kuma suna da irin nasu ƙoƙarin: a karɓo rubutun sha don buɗe ƙwaƙwalwa, a yi sadaka, a canja malami, a tura yaro wani gari ko Allah zai sa a dace. Duk wannan fafutuka ce, sai dai fafutuka ce ta neman magani. Ba ta kai ga tambayar ko hanyar koyarwar ce ya kamata ta canja ba.

Boko ya zo da agogo da kalanda. Tun daga makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, tsarin shi ne aji-aji, shekara-shekara, jarrabawa a ƙarshen zango. A zamanin En'e yara kaɗan ake ɗauka, wanda bai ja ba a sallame shi ya koma gona, ba wanda ya damu, wasu iyayen ma murna suke yi. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa. Yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka ƙiyasta, aka horar da malamai cikin gaggawa. Daga nan ne yaro mai nauyin karatu ya fara zama a benci ɗaya da sa'o'insa, ana auna su da mudu ɗaya a rana ɗaya. Kalmar daƙiƙi ta samu takardar shaida mai jan biro.

Shi kuwa ilimi na musamman, ta wata ƙofa ya shigo ƙasar nan. 'Yan mishan suka buɗe makarantar makafi a Gindiri, cikin jihar Filato ta yanzu, a 1953. Andrew Foster, wani baƙar fatan Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Makarantar makafi ta Pacelli ta biyo baya a Legas a 1962. Gidajen kula da yara masu raunin fahimta da ke ɗauke da sunan Beth Torrey suka samu a Legas da Zariya da Kano. A 1977 gwamnatin tarayya ta fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa, ta ware sashe guda ga ilimi na musamman, ta yi alkawarin ƙidaya yara masu nakasa da ba su ilimi kyauta, ta kuma kafa kwalejin horar da malamansu a garin Oyo. Jihohi suka bi sahu. Kano tana da ta Tudun Maliki, Sakkwato tana da wadda ake kira A. A. Raji, Birnin Kebbi ma, da ta zama babban birnin jiha ranar 27 ga Agusta, 1991, tana da tata makarantar masu buƙata ta musamman.

Waɗannan makarantu sun yi aikin da ba za a raina ba. Akwai makafi da kurame masu digiri a yau ta dalilinsu. Amma mu lura da abu biyu. Na farko, nakasar da ido ke gani ita ta fi samun gurbi, kamar dai yadda yake a tsarin sarautun gargajiya. Na biyu, daga sama abin ya sauko, daga mishan zuwa ma'aikata. Uba ya kai yaro, ya yi godiya, ya koma gida. Ba a taɓa tambayarsa me ya lura da shi a kan ɗansa ba, shi ma bai ɗauka yana da ta cewa ba.

A nan ne ya kamata mu leƙa waje, domin a can labarin ya bi wata hanya dabam. A 1896 wani likita a garin Seaford na Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta a mujallar likitocin Birtaniya labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira, gwanin wasanni, mai iya lissafi, wanda ko sunansa ya zo rubutawa sai ya juya haruffan. Malamin yaron ya shaida cewa da a ce da baki kawai ake koyarwa, da babu wanda zai kama shi a makarantar. Morgan ya kira abin makantar kalma. Shekara 9 kafin nan wani likitan ido a Jamus, Rudolf Berlin, ya riga ya ƙirƙiro kalmar disleksiya. To, likitoci sun gano abin tun ƙarni na 19, amma sanin ya zauna a mujallu, makarantu suka ci gaba da korar yara fiye da shekara 50. Abin bai motsa ba sai da iyaye suka shigo.

A 1946 wata uwa a Ingila, Judy Fryd, wadda makarantu suka ƙi riƙe 'yarta mai raunin fahimta, ta rubuta wasiƙa zuwa wata mujallar renon yara mai suna Nursery World, tana neman iyaye masu irin halin da take ciki su tuntuɓe ta. Suka tuntuɓe ta. A shekarar suka kafa ƙungiyar iyaye da daga baya ta zama Mencap. A lokacin dokar Ingila ta yarda a rubuta wa yaro cewa ba ya koyuwa, a cire shi daga hannun hukumar ilimi a miƙa wa hukumar lafiya. Sai da aka kwashe shekara 24 ana matsa lamba kafin majalisa ta soke wannan a 1970. Mu da muke koyon rubutu, ya kamata mu tsaya a kan wannan: wasiƙa ce ta wata matar gida ta fara tara mutanen.

A Amurka iyayen yara masu raunin fahimta sun haɗu a Minneapolis a 1950 suka kafa tasu ƙungiyar ta ƙasa. Iyayen rukuni na biyu kuwa, masu yara masu wayo da karatu ya gagara, sun daɗe cikin ruɗu, domin kowane likita da sunan da yake ba abin. Wannan ya ce rauni ne a ƙwaƙwalwa, wancan ya ce tawayar tsinkaye ce, malamin aji ya ce lalaci ne. Ranar 6 ga Afrilu, 1963, suka shirya taro a birnin Shikago, suka gayyaci Farfesa Samuel Kirk na Jami'ar Ilinoi. Kirk ya ba su shawarar su bar sunayen da ke nuni ga ciwo a ƙwaƙwalwa, tunda ba su gaya wa malami abin da zai yi, su riƙe suna ɗaya mai nuni ga koyo, wanda a Hausa za mu iya cewa tawayar koyo. Iyayen suka karɓa nan take, suka kafa ƙungiya da wannan suna. Zuwa 1969 sunan ya shiga dokar tarayya.

Daga nan sai kotu. A jihar Fensilbaniya doka ta ba makaranta damar ƙin karɓar yaron da aka auna aka ce fahimtarsa ba ta kai ta ɗan shekara 5 ba. A 1971 ƙungiyar iyaye ta jihar, da lauyanta Thomas Gilhool, ta maka gwamnati a kotu, suna kafa hujja da hukuncin 1954 da ya haramta ware baƙaƙen fata a makarantu. Jihar ta sauko, ta amince za ta ba kowane irin wannan yaro ilimi kyauta. A 1972 aka yi shari'ar Mills a birnin Washinton a madadin yara 7 da aka hana karatu. Hukumar ilimi ta ce ba ta da kuɗi. Alƙali Joseph Waddy ya yanke cewa in kuɗi bai isa ba, to a raba ƙarancin ga kowa daidai, kada a ɗora shi a kan yara masu nakasa su kaɗai. A watan Nuwamba na 1975 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar ilimi ga dukkan yara masu nakasa. Majalisar da kanta ta rubuta a cikin dokar cewa yara miliyan 1 ne aka rufe wa ƙofar makarantun gwamnati gaba ɗaya. Abin da ya fi jan hankalinmu a dokar shi ne kujerar da ta ba iyaye: dole a rubuta wa kowane yaro nasa tsarin karatu, dole a gayyaci iyayensa wurin rubutawa, kuma in ba su gamsu ba suna da inda za su kai ƙara.

Ba muna cewa can an gama da matsalar ba ne. Har 2017 Kotun Ƙolin Amurka tana sauraron ƙarar iyaye a kan irin ci gaban da ya wajaba makaranta ta samar wa yaro. Amma jerin abin a fili yake: suna, sannan haɗuwa, sannan doka.

A Najeriya ma iyaye sun motsa, sai dai a makare, kuma daga kudu. Rose Mordi, uwar wata yarinya mai larurar Down, ta kafa ƙungiyar masu wannan larura a Legas a 2001. Dotun Akande, wadda ɗanta ke da larurar otizim, ta buɗe cibiyar Patrick a Ikeja a 2006. Iyaye ne masu ilimi da hanyar shiga jaridu da talabijin, a birnin da ke da likitocin ƙwaƙwalwa da masu gyaran magana. Abin da suka gina yana da amfani, amma daga Ikeja zuwa Nasarawa tafiyar ba ta kilomita kawai ba ce.

Me ya sa abin ya yi wuya a wajenmu? Dalili mafi girma, a ganinmu, ba jahilcin iyaye ba ne kamar yadda ake saurin faɗa. Ana gane mai disleksiya ne idan an koyar da aji yadda ya kamata, kowa ya iya, shi ya kasa. To in ajin gaba ɗaya bai iya ba fa? A 2011 an yi gwajin karatun Hausa ga 'yan aji 3 na firamare a jihohin Sakkwato da Bauchi da tallafin hukumar USAID, aka tarar mafi yawan yaran ba su iya karanta ko kalma ɗaya daga ɗan gajeren labari ba. Kebbi da Sakkwato jiha ɗaya ce har 1991, makarantunmu uwa ɗaya uba ɗaya suke. A irin wannan aji, mai larura ya ɓace cikin taro. Ƙiyasin da aka fi ambata a duniya shi ne yara 5 zuwa 10 cikin 100 suna da disleksiya. In aji yana da yara 80, ana maganar 4 zuwa 8 ke nan. Malami ɗaya, da alli ɗaya, ta yaya zai tsamo su daga cikin 50 da rashin littafi da rashin zuwa makaranta suka hana karatu?

Sai kuma cututtukan da suka fi yi mana yawa. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma arewa ta fi ɗanɗana kuɗarta. Ta sake dawowa a 2017 a Zamfara da Sakkwato da Kebbi da maƙwabtansu. Mukan ƙirga waɗanda suka rasu, ba mu ƙirga yaran da suka tashi da raunin ji ko raunin riƙe karatu. Haka zazzaɓin cizon sauro da ke taɓa ƙwaƙwalwa, da shawarar jarirai, da doguwar naƙuda, da tamowa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, kuma dalma tana lalata ƙwaƙwalwar waɗanda suka tsira. Waɗannan yara duk sun kai shekarun makaranta, sun zauna a aji, kuma da yawansu sunan da suka samu shi ne daƙiƙi. Yaron da bai ji sosai, ko bai hango allo, shi ma wannan sunan yake samu, alhali gwajin ido da kunne na 'yan mintoci zai iya warware zancensa.

Akwai kuma al'ada, wadda marubuci ya fi kowa cancantar ya lura da ita. Uwa ita ce ta fara ganewa. Ita ta ga yaro yana kuka in an ce ya ɗauko jaka, ita ta ga ciwon cikin da ke tashi da safe ya kwanta da hantsi. Amma in ɗan fari ne, kunya ba ta bari ta ko ambaci sunansa, balle ta je gaban hedimasta ta tsaya masa. Sau da yawa kaka ko goggo ko yayar uwa ce ke ɗaukar mayafi ta je, ta durƙusa ta ce, "Malam, don Allah a duba muna yaron ga, wallahi a gida wayo gare shi." Malam ya ce to, za a duba. Ba mugunta ba ce, shi ma ba a koya masa abin da zai duba ba. Uba kuwa, in yana da hali, sai ya cire yaro ya kai makarantar kuɗi, daga nan ya kai wata, ya ɗauko mai darasin yamma. In ba hali, namiji ya koma fadamar shinkafa ko garejin kanikawa, mace a fara zancen aurenta. Ga kuma tsoron kada a ce gidan wane akwai taɓin hankali, 'yan'uwan yarinyar su rasa manema. Saboda haka uwaye biyu masu matsala iri ɗaya za su iya zama katanga ɗaya a Nasarawa shekara 10, ba wadda ta san da 'yar'uwarta.

Abin mamaki, ta fuskar doka mun riga mun samu abin da iyayen Fensilbaniya suka je kotu nema. A garin Sakkwato aka ƙaddamar da shirin UBE ranar 30 ga Satumba, 1999, kuma dokarsa ta 2004 ta wajabta ilimin shekara 9 kyauta ga kowane yaro. Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010. A 2015 aka fitar da manufar ƙasa kan ilimin masu buƙata ta musamman. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda ta haɗa da nakasar fahimta. Dokar ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, kowace ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da su. Ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna bambanci, da naira miliyan 1 ga kamfani ko hukuma. A can suna ya zo, iyaye suka haɗu, doka ta biyo. A nan doka ta riga kowa isowa, ta zauna tana jiran wanda zai neme ta.

Ƙofofin shiga ma akwai su. Kowace firamaren gwamnati ya kamata ta samu kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda ake kira SBMC, da wakilan iyaye maza da mata a ciki. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu tana yaye malaman da za su shiga waɗannan azuzuwa, kuma duk abin da aka koya musu game da gane irin wannan yaro, shi zai isa Gulma da Kangiwa da Ambursa. Hukumar JAMB ta kafa rukuni na musamman a 2017 ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola don shirya wa makafi jarrabawa, Birnin Kebbi tana cikin cibiyoyinsa, kuma daga baya hukumar ta faɗaɗa shi ya haɗa da masu disleksiya da otizim da larurar Down. Sai dai sai ɗalibi ya bayyana larurarsa wurin rajista. Wanda aka sallama tun yana aji 4 da sunan daƙiƙi ba zai kai wannan teburi ba, wanda ya kai kuma da wuya a ce an taɓa gaya masa sunan abin da ke damunsa.

Wannan ya dawo da mu ga sana'armu. Kafafen yaɗa labarai na Hausa sukan ce galahanga, yau ga mai otizim, gobe ga mai larurar Down, alhali larurori ne mabambanta. Disleksiya kuwa ba ta da ko wannan. A labaranmu da finafinanmu yaron da bai iya karatu ba yana nan da yawa, amma aikinsa ba da dariya. Da wuya a ba shi uwa, balle a shiga zuciyarta. Ga kuma wani abu da ya shafi rubutunmu kai tsaye. Hausar boko tana da sauƙi domin kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, shi ya sa mai disleksiya a Hausa yakan iya lallaɓawa, sai dai a hankali ƙwarai. Ranar da aka juya shi zuwa Turanci, inda harafi ɗaya ke da sauti uku ko huɗu, nan yake durƙushewa. Ko a Hausar ma muna da b da d da ɓ da ɗ, 'yan'uwa huɗu masu kama da juna, kuma ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti, sai yaro ya lalubo ko garin da ake tuwo da shi ake nufi ko garin da ake zama. Masu rubuta littattafan yara su riƙe wannan, su rage jera irin waɗannan kalmomi a shafukan farko.

Wane suna za mu ba abin? "Makantar kalma" ta Morgan tana da daɗin faɗa, amma za ta sa a nufi asibitin ido, alhali bincike ya nuna asalin matsalar tana wajen rarrabe sautukan magana da ɗaura su a kan haruffa. "Tawayar koyo" ta yi faɗi, ta dace da rukunin gaba ɗaya, sai dai tana ƙanshin ofis. "Nauyin karatu" kowa zai gane, amma ba ta raba mai larura da wanda ba a koya wa ba. Mu dai mun fi karkata ga "larurar haɗa baƙi", domin haɗa baƙi kalma ce ta makarantar allo da kowace kaka ta sani, kuma ta nuna daidai inda gizo yake saƙar. Kalmar larura tana ɗauke zargi daga kan yaro. Goggon da ta ce wa hedimasta, "Ranka ya daɗe, yaron ga larurar haɗa baƙi gare shi," ta ɗora masa tambayar da dole ya nemi amsarta, kuma maƙwabciyarta in ta ji, za ta iya cewa nata ma haka yake.

Wanda ya san wata kalma da ta fi wannan, a Kabanci ko Sakkwatanci, ko ma daga Zabarmanci da Fulatanci da Dakarci da muke zaune tare da masu su, ya kawo ta mu auna.